Hoton Baba da Akuyar Hajiya

Ni dai tun farko ban so Baba ya shiga siyasa ba, kuma na faɗa masa ido da ido. Na ce, "Baba, kai da ko a wajen cinikin shanu ba ka ɗaga murya, me ya haɗa ka da kujerar kansila?" Sai ya yi murmushin nan nasa mai ba ni haushi, ya ce, "Uwata, lambatu ne ya haɗa ni da ita." Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ya san idan ya kira ni haka rabin masifata kan tafi.

Kakanninmu makiyaya ne. A bayan shanu aka haifi Baba, yana saurayi fari ya cinye musu garke, suka shigo Maiduguri da 'yan dabbobin da suka rage. Ya zama dillali a Kasuwar Shanu, ya sayi ɗan gida a unguwar Lamisula, a nan aka haife ni, a nan kuma mahaifiyarmu ta rasu. Ni aure ya kai ni unguwar Jiddari Polo, amma kusan kullum ina Lamisula, domin turaren wuta da humra nake haɗawa, kuma yawancin masu saye a wurina matan unguwarmu ne.

Ban da dillanci, Baba yana da wani aiki da ba a biyansa. A Lamisula da wuya ka shiga gida ba ka ga akuya ko tunkiya ɗaure a lungu ba, kuma ba ta maigida ba ce, ta matar gida ce. Ita ce asusunta. Da ita take wa 'yarta kayan ɗaki, da ita take sayen magani idan ciwo ya zo ba shiri. To idan haihuwa ta zo wa akuya da gardama, ko tunkiya ta ci leda cikinta ya kumbura, Baba ake aika wa. Mazan suna kasuwa ko wurin aiki, sun daɗe da ba da izini sun manta. Zai yi sallama, mata su gyara lulluɓi, ya shiga kansa a ƙasa, ya zarce turke. Yana aiki yana yi wa dabbar magana a hankali da Larabcinmu na Shuwa, ya gama ya wanke hannu ya fita. Ko ruwa aka ba shi a tsaye yake sha. Matan ba su ma san sunansa na yanka ba, Baban awaki kawai suke ce masa, daga wannan ƙarshen unguwa har wancan.

Lambatun da ya ambata kuwa, babbar magudanar ruwa ce da ta ratsa bayan layinmu, ta toshe shekara da shekaru. Duk damina sai ruwa ya shiga gidaje, katangu su zube, dabbobi su kamu da ciwon kofato. An kai kuka har an gaji. Maƙwabta da abokansa dillalai suka taru suka ce shi za su tsayar, suka yi ta matsa masa har ya amsa. Bisa al'ada manyan jam'iyya kan zauna su yi maslaha, su fito da mutum ɗaya, amma a wannan karon kowane ɓangare ya kafe. Aka ce to, a yi ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya a fili, duk mai katin jam'iyya da ke son sa ya bi bayansa a layi, a ƙirga kowa na gani. Abokin karawarsa ɗan wani attajiri ne, mai shagunan kayan gyaran mota, matashi mai iya ado. Hotonsa kuwa har a jikin katangar da ke kallon ƙofar gidanmu.

Shi Baba sai ya kafa mana dokoki biyu, waɗanda suka kusa sa ni hawan jini. Ta farko, ba za a buga hotonsa ba. Ya ce fuskar da yake sujada da ita ba za a manna ta a bango awaki su yage ba. Ta biyu, ya ce gidan da ya shiga don dabba ba zai shiga don ƙuri'a ba, kuma bai yarda wani nasa ya shiga a madadinsa ba. Ya dube ni musamman, ya ce, "Ke nake nufi, Uwata. Ki sayar da turarenki ki fito." Na yi tsalle na dire, na ce wannan ai ba takara ba ce, wasa da hankalin mutane ne. Bai saurara mini ba sai da na yi masa alkawari. Haka aka riƙa yawo da lasifika a keke ana kiran cikakken sunansa na takarda, da na ubansa, da na kakansa, sunan da ko ni sai na yi tunani kafin in gane Baba ake nufi. Mata suna ji daga cikin gida, su ce wani dillali ne wai yake neman kansila.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, na sauka daga keke napep da safe a bakin layinmu, sai na ga ƙasa fari fat da takardu. A ƙarƙashin ƙofofi, a kan teburan masu shago, a gaban mai ƙosai, ko'ina. Na sunkuya na ɗauki ɗaya. Innalillahi! Baba ne. Yana durƙushe cikin caɓi, hula ta faɗi gefe, hannun riga a naɗe, hannunsa na dama ya shige cikin wata jar akuya har kusan gwiwar hannu. Ya waiwayo ke nan aka ɗauke shi, fuskarsa ta fito tar, har furfurar gemunsa ana iya gani. An rubuta sunan nan nasa da manyan baƙaƙe a sama, a ƙasa kuma zagi, da Hausa da Kanuri, don kada wani ya ce bai gane ba.

Na same shi a zaure, da takardar a kan gwiwarsa. Baba yana karanta Alƙur'ani kamar ruwa, amma boko bai zauna masa ba. Ya miƙo mini, ya ce, "Karanta mini."

Na ce, "Shirme ne, Baba, bar shi."

Ya ce, "Karanta. Duka. Kada ki tsallake ko kalma ɗaya, zan gane."

Wallahi ban taɓa yin aiki mai ɗaci irin wannan ba. Da bakina na gaya wa ubana cewa shi baƙo ne, ɗan daji, jiya-jiya ya shigo gari da kashin shanu a ƙafa. Da bakina na tambaye shi ko wanda ya saba zama da dabbobi ne zai yi magana da yawun mutane. Layin ƙarshe ya ce Lamisula ta 'yan Lamisula ce, baƙo ya koma inda ya fito. Ina gamawa na dunƙule takardar na yi jifa da ita. Ya tashi ya ɗauko, ya warware ta a kan cinyarsa yana shafawa da tafin hannu.

Can ya ce, "Na binne ubana a garin nan, na binne uwarku. Na ɗauka hakan ya isa." Sannan ya ƙara da cewa, "Zan tsaya a filin, tun da na yi wa mutane alkawari. Amma idan unguwa ta ce haka ne, to haka ne. Zan sayar da gidan, in koma wajen ƙanena."

Ƙanen nasa yana can ƙauye da 'yan shanunsa, a dajin da kowa a Borno ya san yadda ya koma, inda mutum kan fita kiwo da safe iyalinsa su wuni suna addu'a. Kuma na san Baba. Ba ya barazana, ba ya faɗar abu sau biyu. Kafin azahar ya riga ya aika wa dillalin gidaje ya zo ya duba.

Na fita raina kamar wuta. Na san abubuwa a kan yaron nan da ke karawa da Baba, domin mai shiga ɗakunan mata ba abin da ba ta ji. Na ce wa Baba ni ma zan je wajen masu buga takardu, in zazzage masa nasa, kowa ya ji. Ya ce idan na yi haka kada in ƙara taka masa zaure. To me ya rage mini? Na ɗauki babbar jakar da nake zuba kwalaben humra, na bi layi-layi ina tsince takardun, da niyyar in kai gida in cinna musu ashana. A wata majalisa wani mai jan hula, ɗan koren yaron, ya gan ni ina sunkuye, sai ya yi kukan akuya, "Meee!" Suka fashe da dariya. Na miƙe na dube shi tun daga hula har takalmi, na ce, "Ka iya sosai, Allah ya bar ka da muryarka." Amma ina shan kwana hawaye suka zubo.

A ranar ina da turaren da zan kai wa wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, domin ana shirin bikin jikarta. Ban so zuwa ba ko kaɗan, saboda Hajiya gwaggon abokin karawar Baba ce, yayar ubansa, ciki ɗaya. Amma kaya an riga an haɗa, kuma Hajiya ba a saɓa mata. Na shiga na same ta a kan tabarma, da ƙosai a gabanta, an ƙunso mata shi a cikin takardar zagin nan. Ta juye ƙosan a faranti, ta baje takardar duk maiƙo, ta kawo ta kusa da idonta tana juyawa.

Na gaishe ta da Kanuri, na ce, "Wushe, Hajiya."

Ko amsawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, zo nan. Wannan ba jar akuyata ba ce?"

Na duba. Sai a lokacin na lura da abin da ke bayan Baba a hoton: katanga mai tsagewa, da wata tsohuwar randa mai fasasshen baki. Na ɗaga kai, ga katangar, ga randar, ga kuma jar akuyar kanta a turke tana tuƙa, ba ruwanta.

Hajiya ta ce, "Ranar nan akuyar nan ta kusa tafiya. Tun hantsi take naƙuda, ɗan ya juyo da baya. Babanki ya bar kasuwa ya zo cikin ruwan sama. Yaran ɗan ƙanena suna nan zaure suna fakewa, ashe hoto suke ɗauka a gidana." Ta buga yatsa a kan rubutun. "Me aka ce a nan?"

Na karanta mata, karo na biyu a rana ɗaya. Tun ina tsakiya ta fara salati. Da na kai ƙarshe ta ce, "Tsaya. Wato dillalin da ake ta kira a lasifika, wanda yaron nan yake karawa da shi, Baban awaki ne?"

Na ce, "Hajiya, ni an hana ni magana."

Ta ce, "Wa ya ce ki yi magana? Kai gare ki, gyaɗa shi."

Na gyaɗa kai. Ban ga laifin wannan ba har gobe, domin Baba bakina ya ɗaure, bai ce komai a kan wuyana ba.

Hajiya ta yi wata doguwar magana da Kanuri, wadda ba zan maimaita ba saboda girmanta. Daga nan ta ninke takardar daidai ƙarƙashin gwiwar Baba, ta bi ninkin da farce, ta yage zagin ta jefa a murhu. Saura hoto da suna. Ta dube shi ta ce, "To, yanzu ya yi kyau." Ta hango jakata ta tambayi abin da ke ciki, na ce takardun ne, ƙonawa zan yi. Ta ce, "Ƙonawa? Ke dai ba ki da wayo, sai baki. Ajiye mini su nan."

Kafin in fita ta ja mini kunne. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, domin mace ba ta fita sai mijinta ya yarda, kuma mazan unguwa da yawa sun riga sun karkata wajen ɗan ƙanenta. Ta ce idan maganar ta fita, za a toshe ta tun ba ta yi ƙafa ba. "Bakinki ya cika sauri," in ji ta. "Ki riƙe shi, ko ga babanki."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. An yi bikin jikar Hajiya, gidan ya cika da mata, na ga ana shiga ɗakinta ƙungiya-ƙungiya ana fitowa, amma ba wadda ta ce mini uffan. Mata a Lamisula kusan duk suna da katin jam'iyya, an yi musu tun lokacin rajista, yana can ƙasan akwati tare da katin asibiti. Sai dai zaɓen fid da gwani ba su cika fita ba, suna ganin rigimar maza ce. Na yi ta lissafi a raina, wace za ta fito, wace mijinta zai hana, har kaina ya yi ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba. A duk makon ba gidan da ya aiko kiransa, ko ɗaya. Daga baya na ji Hajiya ce ta hana, don kada a ce an ga yana shiga gidaje ana gab da zaɓe. Shi bai san haka ba. Yana zaune a zaure, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago da sauri, ya ga ba aike ba ne, ya mayar da kai. Wata rana ya ce mini, "Kin gani ko? Har matan sun ji kunyar a gan ni a ƙofarsu." Maganar da muka yi da Hajiya ta zo mini har baki, na haɗiye ta da ƙyar. Dillalin gidaje ya zo da wani mutum, suka zagaya, har suka leƙa ɗakin mahaifiyarmu suna auna shi da ido. Na ba su ruwa, amma Allah ya sani ban ba su da zuciya ɗaya ba.

Ranar zaɓe aka taru a filin wata makarantar firamare. Baba ya sa farar babbar riga da hular zanna, ya je ya tsaya inda aka nuna masa, fuskarsa na kallon teburin malaman zaɓe. Tun a gida ya ce ba zai waiwaya ba sai an gama ƙirga, don kada ya ga wanda ya zo da wanda bai zo ba, ya riƙe wani a zuciya. Ni katina na Jiddari Polo ne, ba ni da ƙuri'a a nan, sai na tsaya a gindin wata bishiyar dogonyaro da ke gabansa, ina kallonsa, ina kallon bayansa.

Bayan nasa kuwa ba daɗin gani. Dillalai ne da mahauta, da maƙwabtanmu na layi, da wasu dattawan masallaci. Mutanen kirki, amma layin bai kai ko tsakiyar fili ba. Na ɗan attajirin ya miƙe har bakin ƙofa, da kiɗa, da huluna iri ɗaya. Mai jan hular nan yana ciki, yana ɗaga takardar sama yana kukan akuya, 'yan uwansa na amsawa. Baba yana ji. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi, amma bai juya ba. Rana ta fara zafi, malamin zaɓe ya duba agogo ya ce a gyara layi za a fara. Na ce shi ke nan, Hajiya ta gwada ba ta samu ba.

Ƙamshi na fara ji, wallahi, kafin in ga kowa. Ni da nake haɗa turare ba zan kasa gane shi ba: turaren wuta da humra, irin wanda ke kama laffaya ya kwana a ciki. Na juya wajen ƙofar makarantar, sai ga Hajiya da sandarta, tana takawa a hankali kamar filin na ubanta ne. A bayanta mata ne. Daga lungun dama mata, daga na hagu mata, laffaya ja da kore da ruwan goro, masu goyo, masu ciki, tsofaffi ana riƙe da hannunsu, kowace da katinta. Kiɗan ma sai da ya tsaya.

Ɗan attajirin ya ga gwaggonsa, ya washe baki, ya baro wurinsa da sauri ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tsaya ta amsa masa tsaf, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, ta sa masa albarka. Sannan ta zagaye shi ta wuce. Ta zo ta tsaya a bayan Baba, gefen layin maza, ta dogara sandarta, matan suka jeru a bayanta. Ta sa hannu cikin laffaya ta zaro takardar nan da ta yage wa zagi, ta ɗaga sama. Sai na ga hannuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowane da hoton Baba durƙushe a gaban akuya, wasu da maiƙon ƙosai, wasu an goge su da dutsen guga sun miƙe sumul. Layin ya kai ƙofa, ya fita titi, ya lanƙwasa ta jikin katanga har na daina ganin ƙarshensa. Wasu mazan da ke ɗaya layin suka hango matansu da iyayensu mata, suka fara sosa ƙeya. Na ga da idona wasu sun zame a hankali sun sauya layi, kamar masu neman inuwa.

Ni kuwa kuka nake, baki buɗe, ba ko kunya. Baba yana kallon fuskata, shi bai san abin da ke bayansa ba, sai ya ɗauka ta ƙare. Ya ce a hankali, "Uwata, yi haƙuri. Haka Allah ya so."

Na ce, "Baba, juya!"

Ya girgiza kai.

Na ce, "Don girman Allah ka juya!"

Ya ce, "Sai an ƙirga."

Kai, taurin kan mutumin nan! Haka na tsaya ina cizon mayafi, malamin zaɓe yana bin layi. Na maza yana dafa kafaɗa, na mata yana nunawa da biro daga nesa, ya fita titi muka daina ganinsa, ya dawo yana share gumi. Wakilin ɗan attajirin ya ce bai yarda ba, a sake. Hajiya ta ce a sake ɗin, ba inda za su. Aka sake. Da malamin ya hau kan benci ya kira cikakken sunan Baba, da na ubansa, da na kakansa, ya ce shi ya ci, sai guɗa ta tashi. Ban taɓa jin irinta ba ko a gidan biki. Tsuntsayen da ke kan dogonyaron nan duk sai da suka watse.

Sai a lokacin Baba ya juya. Mutumin da ya hana a manna fuskarsa a bango ɗaya, ga ta nan a hannun matan unguwa kaf, har inda ido ya tsaya. Ya kai hannu ya taɓa hularsa kamar yana tsoron ta sake faɗuwa. Hajiya ta matso, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baban awaki, an ce wai kai baƙo ne. To ga masu gidajen sun zo. Duba da kyau, ka nuna mini wadda ba ka san turkenta ba." Baba ya bi layin da kallo, ya sunkuyar da kai, ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suna rawa.

Ni ban tsaya kuka ba kuma, na shiga cikin mata na yi guɗa har muryata ta dushe. Ɗan attajirin, in faɗi gaskiya, ya zo ya ba Baba hannu, kansa a ƙasa, Baba ya riƙe hannun da nasa biyu ya ce babu komai. Wannan tsakaninsu ne. Ni ina da nawa. Na hango mai jan hula yana saɗaɗawa ta jikin katanga, na bi shi da sauri na sha gabansa, na gyara tsayuwa, na ce masa, "Meee!" Matan da ke kusa suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na san bai dace da matar aure mai 'ya'ya ba. Ko yau aka sake, sai na ƙara.

Da la'asar gidanmu ya cika da masu taya murna, ana ta dafa shayi. Dillalin gidaje ma ya zo, ya zauna a gefe yana jiran a ce masa wani abu. Da mutane suka ragu, Baba ya ce in samo masa takardar guda ɗaya. Na je wajen Hajiya na karɓo masa wadda ta yage da hannunta. Ya riƙe ta nesa da ido yadda tsofaffi ke yi, ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi maganar zaɓe, ko ta zagin. Sai ya ce, "Biyu ta haifa ranar nan. Duka sun rayu."

Na ce, "Baba, maganar komawa wajen ƙanenka fa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya juya wajen dillalin ya ce, "Malam, sha shayinka, ka gaida mutumin naka, ka ba shi haƙuri." Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ƙusa da guduma. Da hannunsa ya kafa hoton a bangon zaure, daidai inda duk mai shigowa zai fara gani, ya ja da baya ya duba ko ya miƙe. Bai ajiye gudumar ba aka yi sallama a ƙofa, wata mata ce daga can ƙarshen unguwa. Ta ce a yi mata afuwa, ta san yau ranar hutawarsa ce, amma tunkiyarta kwana da kwanaki ba ta cin abinci, Hajiya ce ta hana su zuwa sai an gama zaɓe. Baba ya miƙo mini gudumar, ya tuɓe babbar rigar ya ɗora mini a kafaɗa, ya fara naɗe hannun ta ciki.

Ya ce, "Uwata, kula mini da gida, yanzu zan dawo."